Sauyin Launi da Ingancin Hoto a Finafinan Kallo a Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinai ya san wani abu da yakan faru. Mutum ya ga fim a silima, bayan shekaru ya sake ganinsa a kaset, daga baya kuma a faifai, sai ya tarar labarin yana nan yadda ya san shi, 'yan wasan ma su ne, amma kamannin hoton sun sauya. Sararin samaniyar da ya sani shuɗi ya koma tsanwa-tsanwa, daren da ya sani baƙi ƙirin ya zama kamar almuru, fuskar tsohon da ke cike da tamoji ta yi sumul kamar ta jariri. Galibi mai kallo yakan ɗora laifin a kan idonsa, ko a kan akwatin talabijin ɗinsa. Sau da yawa kuwa ba daga nan abin yake ba. Wani ne ya zauna a gaban na'ura ya yanke hukuncin yadda launin zai kasance a wannan fitowa, kuma hukuncinsa ya saɓa wa na wanda ya riga shi.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda fim yake samun launinsa tun farko, da dalilan da suke sa launin ya sauya duk lokacin da aka sake fitar da shi domin kallo a gida, sa'an nan a duba gardamar da wannan al'amari ya haifar tsakanin masu shirya finafinai da masu adana su. Tun da yake sana'ar baƙuwa ce, ya kamata a fara tsai da kalmomi. Za a kira zaren da kyamara take ɗaukar hoto a kansa dodo, kamar yadda masu wankin hoto suke kiransa. Aikin gyara yawan ja da kore da shuɗi da haske za a kira shi daidaita launi. Kowace fitowa ta fim a kaset ko faifai kuwa za a kira ta bugu, kamar yadda ake cewa bugu na farko ko na biyu na littafi.

Yadda Fim Yake Samun Launinsa

Zaren fim mai launi yana da shimfiɗu uku na sinadari, ɗaya a kan ɗaya. Ta farko tana kama hasken shuɗi, ta biyu kore, ta uku ja. Idan aka wanke zaren sai a sami dodo, wanda kome nasa a juye yake, watau fari ya zama baƙi, kowane launi kuma ya zama kishiyarsa, ga kuma wani ruwan goro da ya rufe hoton baki ɗaya. Ba a haska dodo a silima. Sai an ɗora shi a kan sabon zare, an ratsa haske ta cikinsa, kafin a sami kwafin da ido zai gane.

A nan ne mai daidaita launi yake shigowa. Na'urar buga kwafi tana da haske iri uku, ja da kore da shuɗi, kowanne da ma'auninsa daga 1 zuwa 50, tsakiyarsu 25. Ga kowane yanki na fim, mai daidaitawa zai rubuta lambobi uku. Saboda kome a juye yake, idan ya ƙara hasken ja, jan hoton raguwa yake yi. Idan kuma ya ƙara ukun gaba ɗaya, hoton duhu yake ƙarawa. Ta wannan hanya ce ake sa yankin da aka ɗauka da hantsi ya dace da wanda aka ɗauka da la'asar, har mai kallo ya zaci a zama ɗaya aka yi su. Ta nan ne kuma ake mai da rana dare, domin da yawa daga cikin daren tsofaffin finafinai da rana tsaka aka ɗauke su, a wurin bugu aka duhunta su, aka sirka musu shuɗi. Akan buga kwafin gwaji, darekta da mai ɗaukar hoto su duba, a gyara, a sake bugawa, har su ce ya yi.

Bayan haka ba a ci gaba da wahalar da dodon asali, gudun kada ya ƙoƙe. Daga gare shi ake buga kwafin tsaka, daga kwafin tsaka a buga dodo na biyu, daga dodo na biyu kuma a buga ɗaruruwan kwafen da ake rarrabawa gidajen silima. Ashe ke nan abin da jama'a suka gani a majigi tattaɓa-kunnen dodon asali ne, kuma a kowane mataki hoton yakan ɗan rage kaifi, ya ɗan ƙara kauri.

Daga wannan bayani wani muhimmin abu yake fitowa, wanda shi ne tushen dukan gardamar da za ta biyo baya. Dodon asali ya fi kowane kwafi tsabta da kaifi, amma ba ya ɗauke da hukuncin da aka yanke a kan launi. Hukuncin yana cikin lambobin da aka rubuta, da kuma kwafin da darekta ya amince da shi. Idan lambobin suka ɓata, kwafin kuma ya lalace, to duk wanda ya koma ga dodo bayan shekara arba'in dole ne ya yanke nasa hukuncin.

Koɗewar Launi

Lalacewar kwafi kuwa ba abu ne mai wuya ba. Daga 1935, lokacin da aka fitar da Becky Sharp, kamfanin Technicolor ya yi suna da wata hanya wadda ta yi kama da aikin marina. Akan yi zare uku masu kama da hatimi, a jiƙa kowanne da rininsa, ɗaya rawaya, ɗaya shuɗi mai sirkin kore, ɗaya ja mai sirkin shunayya, sa'an nan a danna su bi da bi a kan zare guda. Wannan rini kamawa yake yi ƙwarai, har ma kwafen da aka buga ta haka shekara saba'in da suka wuce suna nan da launinsu. Da wannan hanya aka buga The Wizard of Oz da Gone with the Wind, dukansu a 1939.

A 1950 kamfanin Kodak ya fito da zaren Eastmancolor, wanda rininsa a cikin jikinsa yake samuwa lokacin wanki. Ya fi arha, ya fi sauƙin aiki, saboda haka ya kore tsohuwar hanya, har aka daina ta a Holiwud a tsakiyar shekarun 1970. Sai daga baya aibinsa ya bayyana. Rinin nan uku ba tare suke koɗewa ba. Shuɗin da rawayan su ne suke fara gudu, su bar jan shi kaɗai, fim ya koma ruwan hoda tun daga farko har ƙarshe. Zafi da laima suna gaggauta abin, shi ya sa ƙasashe masu zafi suka fi kowa asara.

A 1980 darekta Martin Scorsese ya jagoranci wani kira ga kamfanonin yin zare da su magance wannan cuta, kuma tsoron koɗewa yana cikin dalilan da suka sa ya ɗauki fim ɗinsa Raging Bull na wannan shekara a baƙi da fari. A farkon shekarun 1980 aka fito da zaren da ya fi riƙe launi, a 1990 kuma Scorsese da wasu 'yan'uwansa darektoci suka kafa gidauniyar The Film Foundation domin ceto tsofaffin finafinai. Sai dai finafinan shekara talatin sun riga sun kamu. Duk wanda zai fitar da ɗayansu a yau, aikinsa ya zama irin na marinin da aka kawo wa tsohuwar riga domin korino, alhali bai taɓa ganinta tana sabuwa ba.

Daga Majigi Zuwa Talabijin

Ko da fim bai koɗe ba, shigarsa gida kaɗai ta isa ta sauya masa kama, domin majigi da talabijin ba hanyarsu ɗaya ba. Majigi haske yake ratsawa ta cikin rini ya jefa a farin allo a ɗaki mai duhu. Talabijin kuwa shi da kansa yake ba da haske, galibi a ɗakin da fitila take kunne. Tazarar da ke tsakanin mafi duhu da mafi haske a zaren fim ta fi ƙarfin tsohon akwatin talabijin. Saboda haka na'urar da take juya fim zuwa bidiyo tana da nata mai daidaita launi, kuma yakan ƙara haske a wurare masu duhu domin kada mai kallo ya ce kaset ɗinsa ba shi da kyau. Ta haka dare da yawa suka waye a gida.

Kamfanin Sony ya fito da kaset na Betamax a 1975, JVC ya fito da VHS a 1976, faifan LaserDisc ya biyo baya a 1978. Kaset na VHS, wanda shi ne ya mamaye duniya, ya fi kowanne rauni ta fuskar launi. Ɗan wuri kaɗan aka ware wa launi a kan zarensa, shi ya sa jar riga takan yi naso ta wuce jikin mai ita. In kuwa aka kwafi kaset daga kaset, raunin ninkuwa yake yi. Waɗanda suka kalli finafinan Indiya da na Hongkong a Kano ko Maradi a shekarun 1980 da 1990 sun san wannan hoto mai dishi-dishi, wanda sau da yawa kwafin kwafin kwafi ne.

Akwai kuma bambancin tsari tsakanin ƙasashe. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa. Tsarin PAL, wanda Nijeriya da Ingila suka bi, da tsarin SECAM na Faransa da Nijar, hoto 25 suke nunawa a daƙiƙa. Maganin da aka samu shi ne a ƙara wa fim sauri da kashi 4 cikin 100. Fim mai awa biyu sai ya rage kusan minti biyar, muryoyin 'yan wasa da kiɗan kuma su ɗan sirance. Wata babbar asarar ita ce ta faɗi. Tun daga The Robe na 1953 aka shiga yin finafinai masu faɗin allo, waɗanda da yawa daga cikinsu faɗinsu ya ninka tsayinsu sau 2.35, alhali na tsohon talabijin 1.33 ne kawai. Domin hoto ya cika akwati sai a yanke gefe da gefe, fiye da kashi 40 cikin 100 ya tafi. Mutum biyu suna magana a fim, a gida ɗaya kaɗai ake gani, ɗayan sai muryarsa.

Faifan zamani ya rage waɗannan matsaloli sannu a hankali. Ana auna kaifin hoto da yawan ɗigon da suka haɗu suka yi shi. Faifan VCD na 1993 yana da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti saba'in da 'yan kai, shi ya sa fim ɗin Indiya yakan zo a faifai biyu ko uku. DVD, wanda ya fito a Japan a 1996, yana da 720 da 576 a tsarin PAL. Blu-ray na 2006 yana da 1920 da 1080, watau ɗigo sama da miliyan 2. Ultra HD Blu-ray na 2016 kuwa yana da 3840 da 2160, sama da miliyan 8. Wannan na ƙarshe ya zo da wani sabon abu, domin an ƙara matakan da ke tsakanin baƙi da fari daga 256 zuwa 1024, an kuma ƙara ƙarfin haske. A ma'aunin da ake kira nit, farin allon silima 48 ne, na talabijin na da 100, sabon tsari kuwa yana kai 1000 ko fiye. Wannan ci gaba ne, amma yana nufin dole a sake daidaita launin kowane tsohon fim, tun da an ba shi hasken da masu shirya shi ba su taɓa gani ba.

Rigimar Shafa Launi

Gardama ta farko da ta fito fili a kan finafinan baƙi da fari aka yi ta. A 1986 attajirin talabijin Ted Turner ya mallaki taskar tsofaffin finafinan kamfanin MGM, ya shiga sa ana shafa musu launi da kwamfuta, bisa hujjar cewa matasa ba sa son baƙi da fari, kuma dukiyarsa ce. Darektoci suka yi ca a kansa. John Huston, wanda aka shafa wa fim ɗinsa The Maltese Falcon launi, ya yi tir da abin kafin rasuwarsa a 1987. A wannan shekara da wadda ta biyo ta, mutane irin su Woody Allen da Steven Spielberg da George Lucas suka bayyana a gaban Majalisar Dokokin Amurka suna neman a kare finafinai daga sauyi. Majalisa ba ta hana shafa launi ba, amma a 1988 ta yi dokar da ta kafa rajistar finafinan ƙasa waɗanda ake adanawa.

A Faransa kuwa hukuncin ya sha bamban. A 1991 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta goyi bayan magadan Huston, waɗanda suka ƙi yarda a nuna The Asphalt Jungle na 1950 da launin shafe. Dokar Faransa ta yarda cewa mai ƙirƙira yana da haƙƙin kare mutuncin aikinsa ko da ya sayar da shi. Dokar Amurka kuma ta fi karkata ga wanda ya mallaki fim ɗin.

Indiya ta ba da wani misali mai sarƙaƙiya. Mughal-e-Azam na 1960, wanda Dilip Kumar da Madhubala suka fito a ciki, galibinsa baƙi da fari ne, sai wasu 'yan yankuna masu launi. Darektansa K. Asif ya so ya ɗauke shi duka da launi, hali bai yi ba, ya rasu a 1971. A 2004 aka shafa masa launi baki ɗaya, aka mai da shi silima, ya kuwa sami karɓuwa. Masu goyon baya suka ce an cika wa mamaci burinsa. Masu suka kuma suka ce hasken da inuwar da aka tsara domin baƙi da fari ba su zama na launi don kawai an shafa musu rini.

Zamanin Kwamfuta

A 2000 aka fitar da O Brother, Where Art Thou?, babban fim na farko a Holiwud da aka daidaita launinsa duka a kwamfuta. An ɗauke shi a Jihar Misisipi lokacin da ganye yake kore shar, amma masu fim ɗin ƙasa busasshiya suke so, mai kama da tsohon hoto. Mai ɗaukar hoto Roger Deakins ya mai da koren ya zama ruwan ƙasa da rawaya ba tare da ya taɓa launin fatar mutane ba, abin da tsohuwar hanyar haske uku ba za ta iya ba. Daga nan aka buɗe ƙofa. Ana iya taɓa launi guda a bar saura, ana iya haskaka ido ɗaya a duhunta bango. Wannan iko bai tsaya a kan sababbin finafinai ba, ya koma kan tsofaffi.

Misalin da aka fi ambata shi ne The French Connection na 1971, labarin 'yan sandan birnin Niyok na Amurka, wanda ya ci lambar Oscar ta fim mafi kyau. Kyansa yana cikin kaushinsa, tituna masu datti da sanyin hunturu. A bugun Blu-ray na 2009 darektansa William Friedkin ya sake masa launi da kansa, ya gauraya hoton baƙi da fari da wani launi mai naso, fim ya fito fari-fari. Owen Roizman, wanda shi ne ya ɗauki hoton, ya fito fili ya ce ba a shawarce shi ba, kuma wannan ba aikinsa ba ne. A 2012 aka sake bugu wanda su biyun suka amince da shi, aka komo kusa da kamannin farko.

The Matrix na 1999 ya bi wata hanyar. A cikinsa an ɗan sirka kore a yankunan da suke nuna duniyar kwamfuta, domin a bambanta ta da duniyar gaskiya. Da aka yi na biyu da na uku a 2003 masu kore sosai, sai aka ƙara wa na farkon kore a bugun 2004 domin ya dace da ƙannensa. Matasa da yawa da wannan suka tashi, shi suka sani. A 2018 aka sake bugu ƙarƙashin kulawar mai ɗaukar hotonsa Bill Pope, aka rage koren, sai ga wasu suna ƙorafin an ɓata musu fim. Haka nan da Wong Kar-wai na Hongkong ya gyara finafinansa a 2020, In the Mood for Love na 2000, wanda aka sani da jan launi mai ɗumi, ya fito da sirkin kore. Shi kuwa bai ɓoye ba, ya bayyana cewa ya zaɓi ya nuna su yadda ya yi nufi, ko da ya saɓa wa yadda masu kallo suke tunawa.

Garin Neman Gira

Ingancin hoto ma yana da tasa rigimar. Hoton zaren fim ya ginu ne daga wasu ƙananan ƙwayoyi, waɗanda akan gani suna motsi a allo kamar ɓarɓashin yashi. Ba datti ba ne, su ne jikin hoton, kamar yadda zare yake jikin saƙa. Amma wasu kamfanoni sun ɗauka mai sayen sabon talabijin hoto mai santsi yake so, sai suka sa kwamfuta ta share ɓarɓashin. Ita kuwa ba ta bambanta shi da ƙofofin gashi ko saƙar tufafi, duka take kwashewa. Bugun Patton na 2008 da na Predator na 2010 sun yi ƙaurin suna da wannan, fuskokin 'yan wasa suka zama kamar na 'yar tsana. Ƙorafi ya sa aka sake buga Patton a 2012. Garin neman gira an so a rasa ido.

A 2024 maganar ta sake tashi da aka fitar da Aliens da The Abyss da True Lies na James Cameron a faifai mai ɗigo miliyan 8. An yi amfani da sababbin dabarun kwamfuta masu ƙara kaifi, masu kallo da yawa suka ce an ƙirƙiro wa hoton abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Daɗin daɗawa, kallo ta intanet ya kawo nasa rauni, domin akan matse hoto don ya yi saurin isowa, kuma wurare masu duhu ne suke fara shan wahala, su rarrabu gida-gida. Akwatin talabijin ɗin ma yana da nasa shisshigi. Yawancinsu daga kanti suke zuwa da launi mai tsananin ƙarfi da farin da ya karkata ga shuɗi, da kuma wata dabara ta cusa hotunan ƙarya tsakanin na gaskiya domin motsi ya yi santsi. Wannan ne ya sa a 2019 kamfanoni da darektoci suka amince da wani saiti mai suna Filmmaker Mode, wanda yake kashe waɗannan ƙare-ƙare.

Wane Ne Mai Hukunci?

Idan aka tattara misalan nan za a ga masu da'awa iri huɗu. Akwai kamfanin da ya mallaki fim, wanda yake so ya sayar da shi karo na biyar, saboda haka dole sabon bugu ya bambanta da tsoho. Akwai darekta, wanda yake ganin aikinsa ne, sai dai mutumin da ya shekara saba'in ba lalle ne ya tuna abin da ya nufa yana ɗan talatin ba, wani lokaci ma ra'ayinsa ne ya sauya. Akwai mai ɗaukar hoto, wanda haske da launi sana'arsa ce. Akwai kuma mai kallo da tunaninsa, wanda shi ma ba abin dogaro ba ne ƙwarai, domin sau da yawa abin da yake kira launin asali na kaset ɗin da ya saba da shi ne.

Masu adana finafinai sun tsai da wata ƙa'ida wadda ta fi waɗannan duka ƙarfi, watau a nemi shaida. Shaidar ita ce kwafin da aka buga a shekarar da fim ya fito, wanda bai koɗe ba. A nan ne tsofaffin kwafen Technicolor suka zama kamar zinariya. Da Robert Harris ya gyara The Godfather na 1972, aikin da aka fitar a 2008, irin wannan kwafi ya sa a gaba, ya kuma nemi shawarar mai ɗaukar hotonsa Gordon Willis, domin duhun fim ɗin da ruwan zumarsa da gangan aka yi su, kuma bugun da suka gabata sun haskaka su.

Ƙa'ida ta biyu ita ce kada sabo ya binne tsoho. Babu mai hana darekta ya sake rina aikinsa, matuƙar ya bar na farkon a inda za a same shi, ya kuma rubuta a jikin faifai cewa an yi sauyi. George Lucas, wanda ya je majalisa a 1988 yana kare finafinai daga sauyi, shi ne ya sauya Star Wars na 1977 a 1997, ya ci gaba da taɓa shi a bugu na gaba. Da aka saka na asalin a DVD a 2006, daga tsohon kwafin LaserDisc na 1993 aka ɗauko shi. A Yunin 2025, da cibiyar finafinai ta Ingila ta haska wani kwafin 1977 mai rinin Technicolor a Landan, abin ya zama labari a duniya, don kawai jama'a sun sami ganin fim yadda aka fara ganinsa.

Wannan magana ta shafi Hausa kai tsaye. Fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ba a ganinsa, har aka gano zarensa a 2016 a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Shi ya yi sa'a, yana da zaren da za a koma gare shi. Finafinan bidiyo na Hausa kuwa, tun daga Turmin Danya na 1990, a kan kaset aka ɗauki na farkonsu, ba su da dodo. Kaset ɗin asali shi ne iyakar abin da ake da shi, kuma kaset yana lalacewa da zafi da ƙura. Idan ya tafi, abin da zai rage shi ne kwafen kasuwa masu naso, daga su ne kuma 'yan baya za su yi hukunci a kan tufafi da ɗakuna da fuskokin mutanen wancan zamani.

Kammalawa

An nuna cewa launin fim hukunci ne da mutane suke yankewa, kuma dodon asali ba ya riƙe wannan hukunci. An nuna yadda koɗewar rini, da bambancin majigi da talabijin, da raunin kaset, da ikon kwamfuta suka sa ake sake yanke shi a kowane bugu. Yawan ɗigo da ƙarfin haske suna ƙara wa hoto kaifi, amma ba su ne suke tabbatar da cewa fim ɗin da aka saya shi ne wanda aka shirya ba. Malaman da suke kwafar littattafai da hannu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa kyakkyawan rubutu bai taɓa wadatar da su ba, sai an gwada kwafi da uwarsa. Mai daidaita launin tsohon fim shi ma mai kwafa ne, amanar da ke wuyansa irin tasu ce. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya nemi shaida kafin ya taɓa, ya faɗi abin da ya sauya, ya kuma ajiye na asalin domin wanda zai zo ya duba aikinsa.